Ƙafar Da Ta Bi Baƙo

A gidanmu, can wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum, ba a fara tatsuniya sai an naɗa mai gadi. Ba ɓarawo ake gadi ba, hannun kakarmu ake gadi. Kaka Tabawa ta yi kuturta tun tana budurwa. Ta warke, amma cutar ta tafi da yawancin yatsunta, ta kuma tafi da jin zafi a hannu da ƙafa. Sai ta ɗora dungun hannunta a bakin kaskon wuta tana ta zuba labari, fata na toyewa, ita ko a jikinta. Don haka idan sanyi ya shigo, aka idar da isha'i, aka kai garwashi ɗakinta, dole wani cikin jikoki ya zauna dab da ita ya sa ido. Yawanci ni ake naɗawa, don ni ce mai bakin da ba ya jin nauyin kowa.

"Kaka, hannunki."

"Ja'ira, ke kin fi wutar zafi," in ji ta, sai ta ja da baya kaɗan, can an jima ta sake matsowa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma."

Labarin cutarta kuwa tsinto shi muka yi kaɗan-kaɗan, da safe idan tana jiƙa ƙafafunta a ruwa tana shafa musu man kaɗanya. Ita da ƙanenta Ɗan'asabe cutar ta kama, iyayensu sun riga sun rasu. Baffansu ya kafa musu bukka a bayan gari, ya riƙe gonar ubansu. A sakaina ake zuba musu tuwo, a turo da kara. Rijiya kuwa ko inuwarsu ba a yarda ta faɗa ciki ba. Suna nan wasu 'yan mishan suka biyo da mota suna neman irinsu, suka kwashe su zuwa wani sansanin kutare mai nisa.

"Da safe a buga ƙarfe," in ji ta, "a tara mu a rumfa, a karanta Linjila, a yi waƙa, sannan a buɗe tagar magani. Ba wanda aka taɓa hana ƙwaya don bai yi waƙa ba, kada in ɗauki alhakinsu. Amma tagar ba ta buɗuwa sai waƙa ta ƙare, kuma mai gyambo ya san haka."

Akwai wata ma'aikaciya a wurin mai suna Saratu. Ranar da Kaka ta isa, matar nan ta zauna kusa da ita, ta sa hannu a kwanonta ta yanki loma. Kaka ta ce kuka ne ya hana ta cin tuwon. Da ta warke kuma ba su sallame ta a bakin hanya ba. Saratu da wani Bature suka rako ta har ƙofar dagaci, suka shimfiɗa tabarma, suka ce ba za su tashi ba sai an mayar wa marayu gonarsu, an kuma bar ta ta ɗebi ruwa kamar kowa. Dagaci ya gaji da ganinsu, ya kira baffan ya sa ya saki gonar. Ita ce gonar da muka tashi muna cin hatsinta.

"Sun miƙo min magani da dama, littafi da hagu," in ji Kaka. "Na karɓi na daman na ce na gode, na hagun na ce ina da nawa. Ɗan'asabe yaro ne, ya karɓa da hannu biyu."

Shi ya zama Kirista, ya zauna can. Ya koyi yanka takalmi daga tsohuwar tayar mota, irin mai kaurin da ƙaya ba ta huda shi, don kutare sukan taka ƙaya su yi ta yawo da ita ba su sani ba. Rabinsa na gona ya ce yayarsa ta noma ta ci da iyalinta. Kowace kaka kuma sai ga takalmi ya iso ta hannun wani direba, daidai ƙafarta.

Babanmu shi kaɗai ta haifa, kuma bai tashi da uba ba. Ɗan kuturwa ake ce masa a dandali, yara ba su cin abinci da shi. Da karatu da kamun kai ya wanke kansa har aka ba shi ladancin masallacin gari. Na san wannan duka, kuma ina tausaya masa. Amma a gidansa ba a ambaton sunan kawunsa.

Ina aji biyar wani fasto ya zo a kan babur, dattijo ne Bahaushe mai furfura. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni na kai ruwa, na kuma ƙi sauri wajen fita.

"Malam Ladan, kawunka ido ya tafi, ƙarfi ya ƙare," in ji faston. "Ba gajiya muka yi da shi ba, Allah ya sani. Shi ne ya ce yana so ya mutu inda aka binne cibiyarsa, kusa da yayarsa."

Baba ya ce, "Ya zaɓi mutanensa tun ban zo duniya ba. Da wace fuska zan kira salla gobe, ga Kirista kwance a gidana? In ya cika, wa zai wanke shi, a ina za a sa shi?"

"Mu za mu zo mu ɗauke shi. Kwana kawai yake roƙo."

"Allah ya ba shi lafiya. A gai da mutanen gida."

Maganar ta kai kunnen Kaka kafin ƙarar babur ta ɓace. Amma Baba ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gabansa tana jayayya. Abin da ta sani shi ne kullum bayan isha'i yakan zauna a bayan zanan ɗakinta yana tufka igiya, yana nuna kamar ba ya saurare. Ranar ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata baƙuwa a ƙofa."

"Ta shigo, akwai tabarma."

Wai an yi wani manomi da ƙaya ta dame shi. Kullum ya je gona sai ta soke shi, ya dawo yana ɗingishi yana tsine wa duniya. Sai ya je gun wata tsohuwa da ke zaune a gindin tsamiya ya ce ta raba shi da jin zafi. Tsohuwa ta ce, "Ka tabbata?" Ya ce ya tabbata. Ta zuƙe zafin daga jikinsa ta ɗura a gora ta toshe. Mutumin nan ya shiga taka ƙaya yana dariya, kunama ta harbe shi yana waƙa, har mutanen gari suka fara cewa ba jarumi kamarsa.

Ran nan ana sanyi, ya kwanta a bakin wuta, barci ya kwashe shi, ƙafarsa ta hagu ta gangara cikin garwashi. Ƙafa ta yi ta kira, "Maigida, ina ƙuna." Shi kuwa sai minshari. Wani baƙo da ke wucewa ya ji ƙauri, ya tsallako darni, ya fizge ƙafar daga wuta. Ya wanke ta, ya shafa magani, ya ɗaure. Yana ɗaurewa yana rera waƙar garinsu, har ƙafa ta iya waƙar. Da baƙo ya tashi tafiya, sai ƙafa ta ɓalle daga jikin mai ita, ta bi shi tana tsalle.

Gari ya waye, manomi ya ga ba ƙafa. Ya dogara sanda sai gidan alƙali, ya ce baƙo ya sace masa ƙafa da waƙa. Aka kawo baƙo, aka kawo ƙafa. Alƙali ya tambayi baƙo, "Don me ka yi mata waƙa?" Ya ce, "Ita nake da ita, kuma ina son ta." Ya tambayi ƙafa, "Don me kika bi shi?" Ta ce, "Shi ya ji ƙaurina." Sai alƙali ya juya ga manomi ya ce, "Kai kuma kana ina tana ƙuna?" Ya ce, "Ina barci, ranka ya daɗe." Ana cikin haka ƙafa ta ce ta gaji da tsalle ita kaɗai, tana so ta koma jikin da ta fito, ko da kwana ɗaya ne. Manomi ya dube ta ya ce, "Da wannan waƙar a bakinki?"

Nan Kaka ta tsaya. Ƙanena ya ce, "To me alƙali ya yanke?"

"Alƙalin yana bayan zana," in ji ta. "Baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma."

Muka ji Baba ya tattara igiyarsa ya tafi.

Kwanaki suka shuɗe. Kaka ta sa aka share ɗan ɗakin da ke kusa da nata, aka fitar da buhunan ƙaiƙayi, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Baba ya gani, bai hana ba, bai kuma aika ba. Wani lokaci in gan shi tsaye a ƙofar ɗakin yana kallon tabarmar, sai lokacin salla ya yi ya fita. Ina jin da an ƙara masa lokaci da ya sauko. Amma raina ya ɓaci da shi a kwanakin nan, kuma har yau idan na tuna ɗacin yana dawowa. Ai ko Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma a gidanmu mun fi kowa sanin yadda hannu ke ruɓewa.

Sanyi bai fita ba faston ya dawo. Wannan karon bai zauna ba. Ya ce an binne Ɗan'asabe shekaranjiya, 'yan majami'a ne suka wanke shi suka kai shi. Ya miƙo wani ƙunshi ya ce na yayarsa ne. Takalmi ne na taya, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don da lalube ya yanka shi.

Kaka ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce, "Daga Allah muke, gare shi za mu koma," ta shige ɗaki. Bayan isha'i aka kai mata garwashi kamar kullum, amma ta ce yau ba baƙuwa, kowa ya je ya kwanta. Ba a naɗa mai gadi ba. Ina bakin ƙofar ɗakin innarmu na ga Baba ya yar da igiya ya banke zana da gudu. Na bi shi. Kaka na zaune, takalmin a cinyarta, idonta a bango, hannunta na dama kwance cikin kasko. Baba ya fizge shi ya tsoma a randa.

"Inna, ba ki ji ba? Inna, dubi hannunki."

Ta dube shi, karo na farko da na ga ta kalli tsakiyar idonsa.

"Ashe hancinka na aiki, Ladan. Wannan ka ji ƙaurinsa don yana kusa. Wancan tun kafin a haife ka yake ƙuna."

Ƙunar ba ta warke da kyau ba, ta zama gyambo, da shi ta koma ga Allah bayan damina biyu. Ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba, takalmin kuma ba ta taɓa sa shi ba.

Yanzu ina zaune a Daura, ina koyarwa a firamare, ni ma na yi jikoki. Nakan ji ana ƙorafi idan 'yan mishan sun haƙa rijiya a wani ƙauyen Maguzawa, ko sun tsaya wa wata bazawara a shari'ar gona. A ce ai farauta suke yi, rijiyar tarko ce. Ni Musulma ce, kuma ba zan ɓoye ba, ba na son a ɗaura wa mai ciwo wa'azi a bakin tagar magani, don mai ciwo ba ya iya cewa a'a da dukkan bakinsa. Na taɓa faɗa wa wata abokiyar aikina Kirista haka. Ta ce a wurinsu ba abu biyu ba ne, wanda ya aiko su da littafin shi ya aiko su da maganin, in suka ɓoye ɗaya sun yi ƙarya. Ban yarda da ita duka ba, ita ma ba ta yarda da ni ba. Amma duk wanda ya zo min da zancen tarko, tambayar alƙalin Kaka nake yi masa: kana ina tana ƙuna? Addininmu bai rage mana komai ba a kan maraya da majinyaci da maƙwabci. Mu ne muka tura tuwo da kara.

Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Sai dai daga shekarar, duk kaka yakan ware hatsin rabin gonar nan, ya ɗauki mota ya kai wa tsofaffin da suka rage a sansanin. Direban ya gaya mana a bakin ƙofa yake saukewa ya juyo, bai taɓa shiga ba, bai taɓa tambayar inda kabarin yake ba. Da wani ya yi masa magana a masallaci, cewa kawai ya yi kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Da Baba ya rasu, yayyena suka zauna suka ce wannan ba wajibi ba ne, ga iyali sun yi yawa. Na yi faɗa shekarar farko, na yi gunaguni ta biyu, daga nan na yi shiru. Duk kaka suna aiko min da buhuna daga gonar, ana yi min tuwo da shi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne tuwon yana min daɗi, ina ci har in ƙoshi, ba na jin komai.