Maganin da ya kore ɗura daga gidana

Har na matse ƙafafun jikana Sadiku a cinyata, na kai hannu zan toshe masa hanci, sai uwarsa ta riƙe ni.

Tun safe yaron ke amai, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Na daka ƙwaya, na dama a cokali, zan yi masa ɗura kamar yadda na yi wa 'ya'yana duka a garinmu Karmo.

Uwar tasa, Hadiza, 'yata da ta karanta haɗa magunguna, ta ciro wani abu kamar ɓallin leda, bai kai farcena ba. Ta ɗora masa a harshe, ya narke. Babu kuka, babu shaƙewa.

Na ce, "Ke, wannan ɗan abin ne magani?"

Ta ce, "Mama, na amai ne. Irinsa muke gwada haɗawa a wurin aikinmu. Har yau ina tuna ɗacin cokalinki, shi ya kai ni wannan karatun."

Kafin la'asar Sadiku ya sha kunu, kunun ya zauna.

Yarinyar da nake bi da cokali har bayan gida, yau ita ta karɓe cokalin daga hannuna. A cikinku wa ya sha ɗura? Ku fito, kar ku ɓoye.