Hudar da ta ci hannun Barnaba

Barnaba ɗan Yo'ila mai faci ne tun kafin ya yi gemu. Rumfarsa tana bakin tashar Tanout, kuma duk direban da ƙaya ta taɓa huda wa taya a hanyar Agadas ya san shi. Ba ya tsoma roba cikin ruwa don neman huda, domin ruwa a garinmu ba abin wasa ba ne. Hura robar cikin taya yake yi, ya bi ta da tafin hannun dama ido a rufe. Inda ya ji iska na sosa masa fata sai ya tofa yawu, kumfa ta tashi, ya yi faci. Da wannan hannun ya auri Liyatu, da shi yake ciyar da gidansa. Katanga ɗaya ce tsakanina da su, don haka ba a kasuwa na ji labarin nan ba.

Wata shekara wani ɗan kwangila ya kawo tsohuwar mota mai dogon hannun ƙarfe da kwando a ƙarshensa. Aikinta ɗaga mutum sama ya sare rassan dogon yaro da ke taɓa wayar lantarki, kafin iskar damina ta zo. Ya ɗauki Barnaba ya zama direba kuma makanike. Mai hawa kwandon shi ne Ila, mutumin Gangara, wanda ya girma yana sarar wa awaki ganyen gawo. Hannun motar da mai yake aiki: famfo ne ke tura man da ƙarfi cikin tiyo na roba, hannun ya miƙe ko ya lanƙwashe.

Liyatu ba ta so aikin ba.

"Baban Haske, kai mai faci ne. Ina kai ina wannan dodo?"

"Roba ai roba ce," in ji shi.

Ranar da abin ya faru bazara ce, rana tana dukan ƙeya. Ila yana sama da addarsa sai hannun motar ya fara fizga, famfo ya kama kuka kamar akuyar da aka ɗaure, daga nan komai ya tsaya. Kwando ba ya hawa, ba ya sauka.

"Kai, ɗan Yo'ila!" Ila ya ƙwala masa kira. "Za ka sauke ni, ko a nan zan yi azahar?"

"Yi abarka, yau ka fi liman kusa da sama."

"Ƙarfen nan gasa ni yake yi, ba wasa nake ba!"

Barnaba ya buɗe tankin mai, ya ga ya yi ƙasa sosai. Ya ciro matatar, ya kakkaɓe rairayin da ya toshe ta, ya ƙara mai. Hannun ya ɗan motsa, ya sake mutuwa. Ya tabbata akwai inda mai ke zuba, amma ƙura da tsohon maiƙo sun rufe tiyo duka, ido ba ya ganin komai. Sai ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa. Ya bar injin yana aiki don tiyo ya cika, ya rufe ido, ya bi shi da tafin hannu.

Ya samu hudar. Abu ya soke shi a gindin yatsansa manuni kamar harbin rina, ya yarfe hannu yana dariya.

"Na kama ɓarawon!"

Ya kashe injin, ya naɗe hudar tiyon da yankin roba tamau, ya sake tayar da shi, ya lallaɓa ya sauko da kwandon. Ila ya diro yana zagin motar da wanda ya ƙera ta.

Ciwon ɗigo ne kawai, ko jini bai fito ba. Da yamma yatsan ya kumbura. Liyatu ta ƙona bakin allura ta tona, tana neman ƙaya ko tsinin waya, ba ta samu ba, ta ɗiga masa man shanu mai zafi. Duk wanda ya duba ya ce ƙaya ce. A ƙasarmu ta Damargu kowa ƙaya ta taɓa sokarsa, kuma namijin da ya je asibiti don ƙaya ya ba tasha abin dariya na shekara. Ya ɗaure hannun da tsumma ya koma aiki, don akwai sauran itatuwa.

Kumburin ya haura tafin hannu. Ila ya kawo wanzami ya tsaga, abin da ya fito yana warin man mota. Wanzamin ya naɗe kayansa.

"Wannan ba nawa ba ne. Ku tafi Damagaram."

Barnaba ya ƙi, sai da yatsan ya yi baƙi. Ina ji ta katanga Liyatu ta ce masa in bai shiga mota ba za ta tara dattawan majami'a su ɗauke shi kamar buhu.

Likitan Damagaram ya ce man nan da ƙarfin allura yake fita. Ya huda fata ya bazu a ciki har wuyan hannu, yana kashe nama. Ya ce da a ranar aka zo, da wataƙila an wanke shi. Aka yanke manuni da na tsakiya da gefen tafin.

Ɗan kwangila ya aiko da gaisuwa, ya ɗauki wani direba.

Barnaba ya koma rumfarsa. Ba ya iya ɓanɓare taya, sai ranar kasuwa Ila ya zo ya kama masa ƙarfe. Yanzu akwai daro a gabansa, cike da ruwan da Liyatu ke ɗaukowa daga famfo, yana tsoma roba yana jiran kumfa kamar kowane mai faci. Kwanan baya na wuce na gan shi ya hura roba, ya waiga, ya rufe ido ya bi ta da ragowar tafin. Ya bi har ya zagayo. Sai ya jawo daron.