Jan Tawadar Kawu

A shekarun da kuɗin mai suka fara zagaya ƙasa na dawo gida daga Kumasi, na tarar wani tela abokina ya sayo keken aiki ya kafa a bakin kasuwar Birnin Kudu. Aikin wuyan riga da masu allura ke wata uku a kansa, shi kwana biyu ya ishe shi. Kowa na murna ban da kawuna na Gwaram. Shi mai zane ne: a kawo masa riga, ya shimfiɗa a tabarma, ya zana aska da tambari da dagi da alƙalamin kara, masu allura su bi. Tun zuwan keken, daga Maruta har Kangire ba wanda ya sake kawo masa riga. Har ya fara zancen komawa gona, ga shi gwiwa ta ƙi.

Na ba telan shaddata ta salla. Ya kwafi zanen wata tsohuwar riga a takardar siminti, ya bi da keke. Na saka na tafi gaida Kawu.

Ya kamo aljihun ya matso da shi ido. "Wa ya yi maka wannan ragar kaji?"

"Keke ne, Kawu."

"Keke bai yi laifi ba. Dagi igiya ɗaya ce, ta hau nan, ta nutse can. Mutumin nan bai san mashiga ba, balle mafita."

Ranar kasuwa na goyo shi a babur muka je wurin telan.

"Baba, zamani ya wuce alƙalami," in ji telan, yana dariya.

"To ɗan zamani, nuna mini inda dagin nan ya fara."

Tela ya bi da yatsa, ya zagaya sau uku, ya ɓace a tsakiya. Kawu ya ce a taka keken ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya lura duk inda aka tsaya sai an yanke zare, ƙulli ya fito. Sai ya ciro kurtu biyu daga jaka, baƙar tawada da jar da yake sa wa rubutu wasali. Ya zana dagin a takarda da baƙa, sannan ya bi da ja: ɗigo inda allura za ta fara, 'yan kibau inda za ta juya, gibi inda layi zai nutse. Tela ya taka, bai tsaya ba sai da ya dawo kan ɗigon. Ya ɗaga ƙyallen ya duba, ya ce, "Baba, tambarin fa?"

"Au, ashe zamani bai wuce ba?"

Bayan shekaru na ga masu wannan aiki a Jidda da Dakar, zaune gaban kwamfuta suna shirya wa keke zane. Na tambayi na Jidda da Larabci, na Dakar da ɗan Faransancina, amsar ɗaya: zane mai sauƙi ne, hanyar allura ce aikin. Har ɗigon farawa suna sakawa.

Kawu bai koma gona ba. Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da keken, kowace kasuwa yana nan, suna aiki suna gardama, teloli har daga Sundimina suna zuwa neman takardunsa. Rigar tawa kuwa, ya hana ni shiga Gwaram da ita, sai da na koma Kumasi na ƙarasa sa ta.