Motar da Baba ya tayar

Wata Talata a kakar 1979, muna dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, muka tarar da raƙuma na jan wata babbar mota zuwa ƙofar gidanmu a kwarin Tarka. Ba gilashi, ba fitila, tayoyinta sun tsattsage kamar faso, tsatsa ta cinye ƙofofinta. Babana, Malam Isufu, yana gaba yana ta washe baki. A Tanout ya same ta yashe bayan wani gareji, ya ba da bijiminsa aka ba shi ita. Inna ta leƙo daga zaure, ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, mutane na sayen abin hawa, kai ka sayo abin ja!"

A gindin aduwa aka ajiye ta, kuma nan ta zama rabin gidanmu. Kaji suka mai da mazaunin direba akurki, Inna na shanya kuɓewa a bayanta. Aikina bayan ɗebo ruwa shi ne wanke kusoshi da kananzir a tsohuwar ƙwarya, in jera su kan tabarma kada rairayi ya haɗiye su. Da yamma ni da ƙawata Zulai, 'yar maƙwabtanmu, mukan ɗare sitiyari muna ƙugi da baki, mu je Damagaram mu dawo ba mu motsa ba. Baba kuwa duk ranar kasuwar Belbeji sai ya dawo da wani ƙarfe a aljihu. Garin nan an yi masa dariya har an gaji. Shi dai maganarsa ɗaya ce: "Kayanta na farko geron garin nan ne, ni zan kai shi kasuwa." Jakunan mutanenmu sun sha wuya a wannan hanya, abin na ci masa rai.

Sai a 1984 motar ta tashi. Ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi, kaji suka watse, Inna da kanta ta rangaɗa guɗa. Amma a shekarar ruwa ya ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbuna suka zama wayam, dabbobi na faɗuwa a bakin rijiya. Dattawa suka zo wajen Baba, kansu a ƙasa, suka roƙe shi ya kai iyalansu kudu. Haka aka loda turame, tabarmi, tsofaffi da jarirai. Zulai na zaune kan ƙullin kayansu, tana ɗaga mini hannu har tudu ya ɓoye su. Na yi kuka ranar har muryata ta dushe. Sawu bayan sawu Baba ya yi, har unguwarmu ta koma gidaje uku.

Da ya dawo daga na ƙarshe, ya kashe injin, ya daɗe bai sauko ba. Na ji yana ce wa Inna, "Da na san abin da za ta ɗauka, da ban tashe ta ba." Bai sake kunna ta ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Zulai kuwa ban ƙara jin ɗuriyarta ba.

Yanzu ina zaune a Belbeji, manyan motoci na wucewa kullum, jikokina ko kai ba sa ɗagawa. Ni kam in na ji ƙugin wata, sai na leƙa bayanta. Ina duba ko kaya ta ɗauko, ko mutane.