Ƙafar Da Ban Aje Ba

Jiya ɗiyata ta shigo da bokiti a ka, na kira ta, ta tsaya cak. Ita ta tsaya, ruwan bai tsaya ba, ya zubo mata ta goshi. Ƙarar zubarsa ce ta mai da ni ƙauyenmu na wajen Pauwa, ƙarshen wata damina, ina 'yar shekara tara.

Kakata ce ke kai wa babanmu fura gona. Ran nan ta aza mini ƙaramin tulu, ita ta ɗauki ƙwarya. Hanyar siririya ce a tsakiyar dawa, ganye na shafar kunne, ƙasa kuma da santsi don an yi ruwa da asuba. Ni ce a gaba, ina sauri saboda wuyana ya fara ƙagewa.

"Tsaya."

A hankali ta faɗa, da wata murya da ban san ta da ita ba. Ƙafata ta dama ta riga ta bar ƙasa. In ka taɓa tafiya da kaya a ka, ka san jiki ne ke fara rinjaya gaba, sannan ƙafa ta je ta tare shi. To nawa jikin ya riga ya tafi, tulu ya bi shi.

Na sauke ido ban sunkuyar da kai ba. Kububuwa ce kwance daidai inda zan taka, launinta ɗaya da busasshen ganye.

"Kada ki aje ƙafar," in ji kakata. "Lanƙwasa gwiwar hagun. Kama ƙasa da yatsu."

Na lanƙwasa. Taɓo na shiga tsakanin yatsuna. Na ji ruwa ya bugi gaban tulu yana jan kaina. Macijiyar ta kumbura, ta fara huci.

"Iya, zan faɗi."

"Ba za ki faɗi ba. Jira ruwan shi dawo."

Hannunta ya kama zanena ta ƙugu, ba ta ja ba, riƙewa kawai ta yi. Ruwa ya komo baya, nauyin ya dawo kan dunduniyata.

"Yanzu."

Na mai da ƙafar baya. Taki uku muka yi da baya, muka tsaya har abar ta ja jiki ta shige dawa. Sai a lokacin na fashe da kuka. Kakata ba ta lallashe ni ba, ta dai gyara mini gammo.

Shekaru bayan haka 'yan bindiga suka tashe mu, muka koma cikin Ƙanƙara. A can ciwon rawar jiki ya kama ta. In ta fara tafiya, takinta sai ya yi ta gajarta yana ƙara sauri, kanta a gaba, ba ta tsayawa sai ta samu bango ko mutum. Nakan sha gabanta in tare ta da ƙirji. Wata rana tana haki a kafaɗata ta ce, "Na san yadda ake yi, ƙafar ce ba ta jin magana."

Allah ya yi mata rasuwa a garin da ba ta so ba. Gonar tana nan, an ce ciyawa ta cinye hanyar, ba mai zuwa. Yaranmu a kan siminti suka koyi tafiya. Ni kuwa bana na lura na fara miƙa hannu ina neman abin dafawa tun kafin in kai bakin ƙofa.