Jinginar da Ba a Fansa

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata aka sa hannu a takardar. Mu uku ne a ofishin, a wani banki a Kano: ni, da yayana, da akawu mai kula da rance. Yaya bai yi boko ba. Ni na gama firamare, ina yi masa awo a rumfarsa ta sayen gyaɗa a Wudil, don haka ni ne mai karanta masa takarda.

Shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa ne, kowa ya ɗan samu sai ya rushe ginin ƙasa ya tayar da na bulo. Yaya ya soma nasa a Sabon Garin Wudil, ɗaki huɗu da shago biyu a gaba. Ana kaiwa linta kuɗi suka ƙare. Abin da ya kai mu banki ke nan.

Takardar shafi shida ce, da Turanci. A shafin farko na ci karo da wata kalma da ban taɓa gani ba. Na tambayi akawu, ko ɗago kai bai yi ba ya ce jingina. Na juya na ce wa Yaya jingina ce. Sauran shafi biyar ban karanta ba, don kada akawu ya ga ina bin layi da yatsa. Yaya ya dangwala.

Dole in faɗi abin da jingina take nufi a wurinmu. A Lajawa, inda aka haife mu, idan mutum ya matsu sai ya jinginar da gonarsa. Mai kuɗi ya noma ta, ya ci amfaninta, ko shekara biyu ko ashirin. Ranar da mai gona, ko ɗansa, ko jikansa ya kawo kuɗin daidai yadda aka karɓa, gona ta dawo. Kuɗin ba sa haihuwa, gonar ba a sayar da ita. Mahaifinmu da kansa ya fanshi wadda kakanmu ya jinginar. Wannan ce jinginar da Yaya ya ji daga bakina.

Gida ya kammala. Shekara guda Yaya yana kai biya duk wata. Sai cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya murɗe, aka tona ba 'ya'ya. Damina biyu a jere sikelinmu yana rataye.

Sau uku muka koma bankin.

A zuwa na farko Yaya ya ajiye makullai a gaban manaja. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku riƙe gidan, ku ci hayar shagunan. Ni da iyali mu koma ƙauye. In Allah ya hore, in zo in fansa."

Manaja ya yi murmushi ya turo makullan. "Alhaji, banki ba ya kwana a gida. Kuɗi yake ci."

Ya buɗe shafi na huɗu, ya yi bayanin kuɗin ruwa da ke hawa duk wata, da wa'adin da in ya cika za a sa gidan a gwanjo. Yaya ya waiwayo ya dube ni.

"Malam, akwai wannan a ciki?"

Na ce akwai. Har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da zancen ba.

A zuwa na biyu ya sayar da shanun nomansa a kara, kasuwar shanu, ya kai kuɗin, ya roƙi a ƙara masa damina ɗaya. Suka karɓa, suka ce duk ruwa ya shanye, kuma ƙarin lokaci ba a hannunsu yake ba. A na uku ko manaja ba mu gani ba. Mun zauna a benci tun hantsi har la'asar, ana cewa yana taro, 'yan kwangila kuwa suna shiga suna fita da dariyarsu.

Ɗaya daga cikin irinsu ne ya sayi gidan.

Bayan shekara tara Yaya ya haɗa kuɗin da ya karɓa, cif, ya ƙulle a ƙyalle, ya yi sallama a ƙofar mutumin, ya ce ya zo fansa. Mutumin ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya ce shi saye ya yi.

Har yau a Wudil akwai masu cewa ya ci kuɗin banki ne ya ƙi biya, aka kama gidansa. 'Ya'yansa sun tashi da wannan magana. Kai mai karatu, in ka ji ana faɗin haka, ka gyara musu. Ka ce ƙaninsa ne aka ba shafi shida ya karanta ɗaya.