Zaren Ɗaurin Cibiya

Auta ake ce mata a layinsu, ko da yake ta ba talatin baya. Shekara goma sha biyu ke nan tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago da ke manne da ƙofar gidansu, shagon da in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya miƙo yadi daga waje. Da cikinta ya kai wata bakwai ita kaɗai ma ta cika shi. Sai ta ja kujera baya, ta miƙe hannuwa kamar mai tuƙin mota, kafin ta kai ga allura.

Shekara tara ta yi tana jiran cikin nan, shi ya sa kowa ya sa mata ido, kowa da irin tasa shawarar. Amma inda za ta haihu, ba wanda ya taɓa tambayarta. Ina ma abin tambaya? Uwarta ce ungozomar unguwa. Rabin matan da ke kawo ɗinki Inna ce ta yanke musu cibiya, wasu har da 'ya'yansu. Tun rasuwar mijinta Inna take zaune a wurin Auta, a ɗakin da ke kallon bayan shago.

"Ke kam kin huta," in ji masu kawo ɗinki. "Asibitinki na cikin gida."

Da ma can abin da Auta ke so ke nan: ta haihu a ɗakinta, a kan katifarta, ba bin layi, ba mai daka mata tsawa. Ta ɗinka zanen gado huɗu da ragowar yadi, ta sayo leda mai kauri, ta sa maigidanta ya janye kabad daga bakin taga don haske ya shigo. Shi direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya, tsarin kuwa ya yi masa daidai. "In dai Inna na nan, hankalina kwance yake," yake cewa. Ya ɗauki jakarsa ya tafi da kwanciyar hankalinsa, ya bar ta da abin da ke cinta.

Inna tana da yadda take aikinta, kuma ba ta sauya shi don kowa. Ba ta yarda da ɗan robar da ake maƙala wa cibiya a asibiti ba. Farin zare take tufkawa riɓi uku, ta tafasa shi tare da almakashinta, ta ɗaure cibiyar wuri biyu, ta yanke a tsakani. Ƙullinta bai taɓa kwancewa ba, da shi take tunƙaho. Zaren kuma a shagon Auta take ɗauka.

Wata safiya ta shigo ɗaukar zare, hannun ya wuce zaren ya ture gwangwanin maɓallai. Ta durƙusa tsincewa, yatsun na karkarwa, maɓalli ɗaya sai da ta kai masa hannu sau uku. Auta na kallonta. Tela ba ta yi karatun likita ba, amma ta san hannu. Daga ranar ta fara lura: shayi na zuba kafin ya kai baki, ledar sukari in Inna ta ƙulle sai ta kwance da kanta. Ta kuma tuna rabon da a buga ƙofa neman Inna an doshi shekara biyu. Matan layin nan bakinsu na yabonta, ƙafarsu na asibiti.

Ta je awo a ɓoye, ranar da ta ce za ta sayo yadi. Nas ta duba ta ta ce komai lafiya. "In a gida kike so, ba laifi, amma da hannun da ya iya. Ki kira ni in zo." Ta rubuta mata lambar wayarta a bayan kati. Auta ta tura katin can ƙarshen durowar keke, ƙarƙashin allurai.

Sai ta kira yayarta a waya.

"Yaya, hannun Inna fa rawa yake yi."

"To sai me? Ke za ki tashi ki nuna wa duniya uwarki ta gaza? In 'yar cikinta ta guje ta, wa ya rage mata? Kada ki kashe ta da ranta, Auta."

Faɗa da baki da sauƙi. Ita Yaya biyar ta haifa tun hannun yana da ƙarfi, kuma tana can nesa, ba ita ke ganin shayin yana zuba ba.

Sau nawa Auta ta shirya magana tana taka keke, ta jera ta tsaf, ta shiga gida da ita. Sai Inna ta ce, "Zo nan in ji mutumina," ta ɗora tafinta a cikin, ta lumshe ido. "Kansa ya juya ƙasa. Ya san hanya, wannan." Kuma gaskiyarta, nas ma haka ta ce. Sanin yana nan daram, yatsun ne suka ci amanarta. Auta ta haɗiye maganar ta koma shago, ta zauna tsakanin keke da bango, tsoro ya cika ta, haushin kanta ya fi tsoron.

Da wata na tara ya kama, ranar wata Talata da hantsi, Inna ta fita shanya a tsakar gida. Auta ta shiga ɗakinta don ta ajiye ƙyallayen da ta wanke ta goge. Ta buɗe tsohon gwangwanin biskit ɗin da Inna ke ajiye kayan aiki. Almakashi na nan a naɗe. Amma maimakon zare biyu, sai ta ga sun fi ashirin, kowanne an riga an yi masa zarge, ta yadda in lokaci ya yi sai dai a zura a ja. Ashe abin da take rufe ƙofa tana yi ke nan kullum bayan azahar.

Auta ta zura ƙaramin yatsanta a ɗaya ta ja. Zaren ya zame ya miƙe. Ta ɗauki na biyu, haka. Ta zauna bakin gado tana ja ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan cikinta, har ta ji an tare hasken ƙofa.

Inna ce, da robar wanki a hannu.

"Inna, ƙullin ba ya kamawa."

Tsohuwar ta ajiye robar a hankali. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta zo ta zauna kusa da ita, ta daɗe tana kallon zarurrukan a kan zane.

"Na ga katin tun watan jiya, da na je neman allura," ta ce. "Kullum jira nake ki buɗe baki. Ni in na faɗa, cewa za a yi na karɓi 'ya'yan kowa, da aka zo kan nawa na noƙe. Sai na ce bari in ta gwadawa, ko Allah zai sa ɗaya ya kama."

Ta kwance almakashin, ta juya shi ta miƙa wa Auta ta wajen mariƙi.

"Ki kai shi shago, har yanzu da kaifinsa. Ki kira yarinyar nan ta asibiti, ki ce ta zo da nata kayan."

Auta ta yunƙura za ta tashi, Inna ta riƙo bakin zanenta.

"In mutumina ya fito, ki ce mata ta ba ni shi. A zaune zan riƙe shi, ba zan yar ba."